Tsaga Biyu a Kunnen Dama

Kwali biyu na littafi, guda tamanin. Ƙullin goro ɗaya. Gorar ruwa. Sandar Kawu Haliru da 'yar wuƙarsa a kube. Abin da Ummulkhairi da kawunta suka ɗauko daga Gwandu ke nan a motar da suka yi shata.

Ummulkhairi ce ta rubuta littafin, shekara uku tana kansa. "Garken Ƙasan Tafki" sunansa, labarin wata yarinya, Fiddausi, wadda mutanen ƙarƙashin ruwa suka sace wa saniya, ta bi su ta wata tsohuwar rijiya. Ta rubuta shi ne don yara masu tasowa, ta kai guda arba'in wata makarantar 'yan mata a Kalgo domin ta ji ra'ayinsu.

Jiya Malama Zulai, mai kula da ƙungiyar karatun makarantar, ta kira ta a waya. Yara sun gama, sun rubuta ra'ayoyinsu, har an so a ƙaro tamanin. Amma wani uba daga Wurogauri ya hana 'yarsa zuwa makaranta yau kwana takwas. Ya ce ko a kwashe littafin a ƙone, ko yarinyar ta zauna gida. Shugabar makaranta ta ce ba za ta rasa ɗaliba saboda littafin almara ba. Dalilinsa kuwa ya ƙi faɗa, ya ce sai mai littafin ta zo.

Kawu Haliru, yayan mahaifiyarta, ba a gayyace shi ba. Ya kawo nono daga Masama da safe, ya tarar da kwali a buɗe a tsakar gida, ya ɗauki littafi ɗaya. Ba ya karatun boko. Bangon ya kalla, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki sandarsa ya shiga mota.

Sai da suka wuce Birnin Kebbi, gero kore shar hagu da dama, ya buɗe baki.

"Ummu, wagga saniya ta bisa bango, wa yaz zana ta?"

"Wani mai zane ne a Kaduna. Ni na faɗa masa yadda zai yi."

"Har kunnuwan?"

"Har kunnuwan. Alamar ɓarayin cikin labarin ce. Duk saniyar da suka sace, sai su yi mata tsaga biyu a kunnen dama, su datse bakin na hagu."

"Ina kis samo ta?"

"A kaina, Kawu. Ƙagawa na yi."

"Ba ki ƙaga ba."

Ta juyo ta dube shi. Idonsa na kan hanya.

"Daminar da kika yi rugata kahin ubanki ya tai da ke Ibadan. Shekararki bakwai. Akwai wata jar saniya mai dogon ƙaho da kike bi duk inda ta nuhwa."

Ta tuna. Ba ta tuna fuskar kowa a rugar ba, amma ta tuna kunnen saniyar da yadda take zura yatsa a tsagar.

"Ba tawa ba ce," in ji Kawu. "Shekarar nan ciwon huhu ya share min garke. Marigayi Atiku na Wurogauri ya turo min ita habbanaye. Ka riƙa saniyar mutum ta haihu ukku, ka ɗau 'ya'yan, ka maida mai uwar. Duk shanun da kike gani gare ni yau jikokinta ne. Nonon da kis sha, nata ne. Tsaga biyu dama, datse hagu, alamar gidan Atiku ce tun kakanni. Ɗansa Mamman shi ka jiranki Kalgo."

Direba ya rage rediyo ba tare da an ce masa ba. Ummulkhairi ta dubi littafin da ke kan cinyarta. Saniyar bangon na kallonta, kunnen dama a tsage sau biyu, kowace tsaga an fito da ita da jan fenti. Ita ce ta mayar wa mai zanen da aikin har sau biyu, ta ce tsagar ba ta fito sosai ba.

A makaranta Malama Zulai ta kai su wani ƙaramin ofis mai taga ɗaya. Littattafai arba'in ɗin na jibge a kan tebur, an riga an karɓe su daga hannun yara, gefunansu sun yi laushi don karatu. Malama ta miƙo mata ambulan.

"Ra'ayoyinsu ne. Ki duba kafin ya iso, ya ce yana tafe."

Ƙananan takardu ne da aka yago daga littafin rubutu. Ummulkhairi ta fara karantawa.

"Littafin ya yi daɗi, amma Fiddausi ta cika tsayawa hira da kunkuru alhali ana kore mata saniya."

"Kwana bakwai a ƙarƙashin ruwa. Alwala dai ba matsala, amma ta yaya ta gane gabas?"

"Ƙarshen ya yi sauri kamar an kira ki cin abinci."

"Na ɓoye shi cikin littafin lissafi ina karantawa, aka kama ni, aka sa ni shara. Ban yi nadama ba."

Sai wata, babu suna, da manyan baƙaƙe: "Mun san ɓarayin. Suna Wurogauri."

Ta kife wannan a kan tebur. Ta ƙarshe ta fi kowace tsawo, rubutun ƙanana a matse, a ƙasa an sa Sumayya Mamman.

"Anti, sau uku na karanta. Babu littafin da ya taɓa sa ni manta abinci sai wannan. Amma akwai kuskure. A shafi na goma sha biyu kin ce ƙarfe yana ƙona mutanen ƙasan tafki, shi ya sa Fiddausi ta ci su da allurar kakarta. To a shafi na arba'in da bakwai da me suka tsaga kunnen shanun? Kunnen saniya ba ya tsaguwa da farce. Na taɓa riƙe maraƙi ana yi, na sani."

Ba ta ambaci alamar gidansu ba ko sau ɗaya. Ummulkhairi ta buɗe shafi na goma sha biyu, ta buɗe na arba'in da bakwai. Mutum huɗu ne suka duba mata littafin kafin a buga, biyu daga cikinsu malaman jami'a, babu wanda ya gani.

Aka yi sallama a ƙofa.

Mamman dogo ne, siriri, rawaninsa ya ɗan jiƙe da yayyafi. A bayansa yarinya ce cikin hijabin gida, ba na makaranta ba, idonta a ƙasa. Ya ga Kawu Haliru, ya tsaya. Suka gaisa doguwar gaisuwa, gida, shanu, damina, ba wanda ya yi murmushi. Ummulkhairi ta durƙusa ta gaishe shi, ta tura ƙullin goron gabansa. Bai kalle shi ba.

"Ke ce ɗiyar ƙanwar Haliru?"

"Ni ce, Baffa."

"Mi gidanmu yay yi miki?"

"Babu komai, Baffa. Labari ne ƙagagge, na yara. Ban san alamar ta wani ce ba."

"Ƙagagge." Ya ɗauki littafi ɗaya daga tebur, ya ɗaga shi da yatsa biyu. "Ranar kasuwa na kawo bijimi nan Kalgo. Yara sunka zagaye shi suna ɗaga mai kunne. Wani ya ce, Baba, yaushe ka hito da shi daga tafki? Manya sunka yi dariya. Shekaranjiya 'yan banga sunka tsai da ƙanena da garke bisa hanyar Dangoma, sunka ce su ma sun ji labarin alamar. Wasa suke, in ji su, amma sai da rana ta karkata sunka sake shi. Ke da kika yi karatu mai nisa, a wanga zamani in an kira makiyayi ɓarawon shanu, dariya ka biyo baya?"

Ta ce, "Ina neman gafara."

"Gafara tana bakinki. Alamata tana cikin takarda."

"Zan canja ta a bugu na gaba. In sa wata daban, tsaga ɗaya ko..."

"Tsaga ɗaya dama ta mutanen Masama ce," in ji Kawu Haliru daga inda yake zaune. "Huda tsakiya ta surukaina. Datse biyu tawa. Babu yankan kunnen da ba shi da mai shi, Ummu. Duk wadda kiz zaɓa, wani gida kika jehwa."

Malama Zulai ta gyara mayafi. "Shugaba ta ce in gaya miki, in ba a daidaita yau ba, littafin zai bar makarantar. Kuma sauran makarantun da suka tambaya, za ta faɗa musu dalili."

Ummulkhairi ta san abin da hakan ke nufi. Ba a Kalgo kaɗai zai mutu ba. Littafin da aka ce ya tona gidan mutane, babu malamar da za ta sake ɗaukarsa daga nan har Jega.

"Baffa," in ji yarinyar, muryarta can ƙasa. "Kada a ƙone shi."

"Sumayya," in ji Mamman.

"Ba ta sani ba ne. Ko wuƙar ma ba ta..."

"Na ce Sumayya."

Yarinyar ta ɗago ido ta kalli takardar da ke hannun Ummulkhairi, ta gane rubutunta, ta sake sunkuyawa.

Mamman ya ajiye littafin, bangon a ƙasa. "Ni ban iya karatunku ba, ban da hwaɗa da littahin. Wagga yarinya ta karanta min rabinsa, har na tambaye ta ko an samo saniyar. Amma alamar ubana ba ta kwana bisa ɓarayi. Ina gindin dalbejiyar can har azahar. In na ga alamata ta bar takardunki, duka, gobe ta sa kayan makaranta. In ban gani ba, ki riƙe littahinki, in riƙe ɗiyata."

Ya fita. Sumayya ta bi shi. Kawu Haliru ya miƙe da kyar, ya ɗauki goron da aka bari, ya ce zai je ya zauna da ɗan Atiku.

"Kawu," in ji Ummulkhairi. "Ara min wuƙarka."

Ya dube ta. Ya zaro wuƙar daga kube, 'yar gajera mai ƙota ta ƙaho, wadda yake tsaga kunnen maruƙansa da ita. Ya ajiye a kan tebur, ya fita.

Malama Zulai ta ce, "Me za ki yi? Ashana ce ake nema in ƙonawa ce."

Ummulkhairi ta ɗauki littafi ɗaya. Ta buɗe shafi na arba'in da bakwai. Shi ne shafin da ta fi so a littafin, inda Fiddausi ta ga garken farko a ƙarƙashin ruwa, dubban shanu, kowace da kunne a tsage yana kaɗawa kamar ganye. Wata guda ta yi a kan wannan shafin kaɗai. Ta sake karanta takardar Sumayya. Mutanen da ƙarfe ke ƙonawa ba su da wuƙa. Shanunsu ke nan ba su da alama ko ɗaya. Kunnuwa cikakku, lafiyayyu, garke guda wanda babu gidan da zai ce nasa ne. Duk yaron da ya tashi a ruga zai ji tsikar jikinsa ta tashi in ya karanta haka, kuma babu wanda zai je kasuwa ya ɗaga kunnen bijimin wani.

Ta leƙa taga. Mamman na zaune a kan tushen dalbejiya, Kawu a gefensa. Inuwar bishiyar ta fara tattaruwa a gindinta. Direba ya shigo da kwalayen biyu ya dire. Guda ɗari da ishirin ke nan, kowane da bango ɗaya da shafi ɗaya masu ɗauke da alamar.

"Bangon ma?" in ji Malama, da ta ga inda ta ɗora bakin wuƙar. "Shi ne fa ya ja hankalin yaran. Ba bango, wa zai ɗauka?"

"Yarinyar da aka kama tana karanta shi aka sa ta shara, ba don bango aka sa ta ba. Akwai takardar siminti da gam a makarantar nan?"

"Akwai a sito."

"A kawo, da su za a yi sabon bango. Kuma ki samo min biro da takarda, sabon shafin yau zan rubuta shi, Sumayya ta duba kafin a buga."

'Yan mata sun fara taruwa a baranda, suna leƙe, wata na ɗage bisa kafaɗar wata. Ummulkhairi ta je ta tura ƙofar ta rufe, ta sa sakata.

"Ba za a ƙone shi ba," in ji ta. "Zan yanke bango da shafin daga kowane ɗaya da hannuna, in kai wa Baffa Mamman, shi da Kawu su ƙirga kafin azahar. Shanun tafki kuma daga yau kunnuwansu cikakku ne."