Bargunan Gwaggo Goma

Gori tsutsa ce, cikin alheri ake haifarta, shi kuma take ci. Marowaci da sauƙi, an san inda aka ajiye shi. Amma wanda zai ba ka abu da hannun dama, ya bi ka da ido da baki yana duba yadda ka riƙe, wannan bai ba ka komai ba, gadi ya ɗauke ka. Ga abin da ya sami wata mata da danginta kaf suke kira Gwaggo, ko mai irin halinta ya ji ya rage.

Shekara talatin Gwaggo ta yi a kamfanin ɗinka kayan 'yan makaranta. Ba ɗinki aka sa ta ba, duba ɗinkin wasu aka sa ta. Riga ta zo gabanta, ta juya cikinta waje, ta ja kafaɗa, ta ja hammata, in ɗinki ya washe baki ta jefa kwandon a sake. Da ta ajiye aiki sai ta kafa kekenta gindin tagar ɗakinta a bene na biyu, ta shiga ɗinka wa jariran dangi bargon ƙyallaye. Burinta ɗaya ne, kuma ba mugun buri ba ne: kowane yaro na zuri'arsu ya yi barci cikin aikin hannunta.

Gaskiya ɗaya ce, ko maƙiyinta ya san ta iya. Wurin wani tsohon tela da ke ƙarshen layinsu take kwaso ƙyallaye. Ba ta sa musu almakashi sai ta wanke su sau biyu, mai zuba ya zuba, mai tsukewa ya tsuke tun yanzu. Ta goge, ta ɗora wani kwali mai faɗin tafin hannu, ta yanka su daidai wa daida. Jeri goma sha biyar, kowane jeri ƙyalle goma sha biyu. A ciki dole ta sa guda daga tsohuwar rigar uban yaro, guda daga ta uwarsa. Ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta yi shafi da tsohon zanen gado wanda wanki ya lausasa, don sabon yadi yana kartar fatar jariri. Haɗa jeri kaɗai take yi da keke. Sauran duk da allura ne, kuma kowane ƙulli sai ta ɓoye shi cikin auduga. Wata uku cur take yi a kan guda.

To, sai dai hali zanen dutse. Bargo ya bar hannunta, amma idonta bai bar shi ba.

Na fari Malama ta kai wa, matar ɗan wanta, mai koyarwa a firamare. Bayan sati uku ta koma. Ko gaisuwa ba a gama ba ta ce, "Ina bargon?"

Malama ta ɗaga jaririyar ta zaro shi. Gwaggo ta kai shi bakin taga, ta juya bayansa.

"Wannan fa?"

"Tumbuɗi ne, Gwaggo. Ɗazu ta yi."

"Tumbuɗi. Wata uku ina tsiyayar da idona a kansa. Kin san sau nawa allura ta shiga yatsan nan? Da wane sabulu kike wanke shi?"

"Wanda muke wanki da shi."

"Shi ya sa shuɗin ya fara mutuwa. A rana kike shanyawa, ko? Ai na sani. Ku 'yan boko komai sai an rubuta muku a allo."

Malama ta yi dariyar yaƙe, ta ba da haƙuri. Gwaggo na sauka daga matakala, Malama ta wanke bargon, ta shanya a inuwa, ta ninke, ta zuba kafur, ta sa a ƙasan akwati. Ta lulluɓe 'yarta da tawul. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma ita ta gane aro aka ba ta.

Mata ba sa ɓoye wa juna hanyar tsira. Kafin a kai ga bargo na uku, duk matan dangi sun san dabarar. Da an ji takun Gwaggo a ƙofa, wata ta tare ta da gaisuwa mai tsawo, wata ta ruga ta buɗe akwati ta yafa wa yaro. Gwaggo ta duba ta ga tsaf, ta ce, "Yawwa, ke kam kin san darajar abu." Amma ko a hakan ba ta tafiya sai ta faɗi watannin da ta yi, da ciwon bayan da ta kwasa, a gaban baƙi in da baƙi. Haka aka yi har bargo tara, ita kaɗai ce ba ta san abin da ake ciki ba.

Na goma na jikanta ne, ɗan 'yar autarta, yaron da take wa kirari da Maigida. Auta ita ce ba ta tsoron bakin uwarta, don a cikinsa ta girma. Ta shimfiɗa wa ɗanta bargo tun ranar da aka kawo shi, a kai ya koyi zama, a kai ya yi rarrafe. Da ya fara tafiya sai ya kama kusurwa guda yana jan sa a ƙasa duk inda za shi, ɗaki, tsakar gida, bakin famfo. Bago yake ce masa. A kusurwar nan akwai jan ƙyalle na rigar ubansa, shi yake tsotsa in barci ya zo, har ya koma kamar igiyar da akuya ta tauna. Ko wanki sai Auta ta yi masa wayo, yana tsaye gindin igiya yana jira ya bushe.

Duk zuwan da Gwaggo za ta yi sai zuciyarta ta yi baƙi.

"Ke Auta, tsumman goge ƙasa na ɗinka miki?"

"Mama, ba ni kika ɗinka wa ba. Ga mai shi nan, ki tambaye shi."

"Maigida, haka ake yi da kayan amarya? Zo in gani."

Yaro ya zo da gudu ya haye cinyarta, ya tura mata jiƙaƙƙiyar kusurwar a baki, wai ita ma ta ɗanɗana. Wannan ita ce babbar kyautar da yake da ita a duniya. Gwaggo ta kau da kai tana ƙirga ƙyallayen da suka ƙoƙe.

Wata ranar Litinin, Maigida yana da shekara biyu da rabi, ta zo ta tarar Auta na yi masa wanka. Bago na yashe a ƙofar banɗaki. Ta sunkuya ta ɗauka, ta cusa a jaka, ta ɗaga murya ta ce ta tuna ta bar wuta a kunne, ta fita.

Ta biya shagon tsohon tela neman ƙyallayen da za su dace. Ya karɓi bargon, ya sauke gilashinsa kan hanci, ya juya shi.

"Kai, wannan ya ci sa'a. Shekara arba'in ina ɗinki, ban taɓa ganin an so aikina haka ba. Me za ki yi masa?"

"Gyara."

"Mai shi ne ya ce ya lalace?"

"Mai shi ko wando bai iya sawa ba."

"Gwaggo, mayar masa da abinsa. Garin neman gira ake rasa ido."

"Kai dai ba ni ja, in kana da shi. Wa'azin na gode."

Kafin ta kai gida wayarta ta yi ƙara sau huɗu. Ta ɗauka a na biyar, kukan yaro ya riga muryar Auta isowa.

"Mama, ke kika ɗauki Bago?"

"Ni ce. Gobe zan kawo."

"Don girman Allah ki kawo shi yanzu. Ko in zo in karɓa?"

"In kin zo ma na riga na farke. Kuka ba ya kisa. Ke nawa kika yi?"

Ba ta riga ta farke ba, amma tana ajiye wayar ta ɗauki reza. Goben nan ta zama kwana huɗu. Ƙyalle ashirin da uku ta cire ta sa sababbi. Ta yanke kusurwar da aka tauna, ta sake baki gaba ɗaya, ta ƙara auduga. Ta jiƙa shi da sabulu mai ƙamshi, ta sa sitaci, ta bi shi da dutsen guga har yana ƙyalli. Tsofaffin ƙyallayen ta goge man keke da su, ta zuba a shara, motar shara ta kwashe ranar Laraba.

Ranar Juma'a ta hau mota da bargo a leda, tana jin kanta kamar mai kai gudummawa. Ta tarar da Auta idanu sun faɗa, yaro a kafaɗarta, muryarsa ta dushe.

"Maigida, share hawaye. Dubi abin da amaryarka ta kawo maka."

Yaro ya sauko ya miƙa hannu biyu. Ya kai hanci ya shinshina. Ya bi kusurwa ta fari, ta biyu, ta uku, ta huɗu, ya sake zagayowa. Sai ya sake shi ya faɗi ƙasa.

"Ba Bago ba."

"Shi ne mana, wanka ya yi."

"Ba Bago ba. Kaka, ba ni Bago."

Auta ta ce, "Ina tsofaffin ƙyallayen? Ko jan nan kaɗai ki ba ni, in ɗinka masa a jiki."

"Na zubar. Ƙazanta zan ajiye?"

Auta ta zauna a bakin gado. Ta ce, "Mama, bargo goma kika ɗinka. Guda ɗaya ne tak yaro yake kwana a ciki, shi ne kika kashe."

"Wace irin magana ce wannan? Da idona nake ganin sauran a jikin yara."

"Kina ganinsu minti goma. Kina fita ake mayar da su akwati. Ki tambayi Malama. 'Yarta yanzu tana aji uku, ba ta san launin nata ba. Kowa tsoron bakinki yake."

Da Gwaggo mai jin magana ce, nan ne wurin da za ta zauna ta yi shiru. Amma wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ta suri jakarta, ko sallama babu. Tana isa gida ta danna waya ta aika da murya zuwa zauren da dangi suke hira, inda manya da yara duk suke ji:

"Na ji abin da ake yi da wahalata. To duk wadda ta san bargona ya yi mata nauyi, ta maido min da abina. Ban roƙi kowa ya karɓa ba."

Ta ajiye waya, ta share ɗaki, ta jera kujeru, don ta tabbata gobe za a cika mata gida da ban haƙuri. Ta ma shirya wadda za ta fara yafe wa da wadda za ta ja wa rai. Magana zarar bunu ce.

Malama ce ta fara zuwa, da safiyar Asabar, ga tsohon ciki tana hawa matakala da ƙyar. Ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, ta ajiye leda biyu a kan tebur.

"Ga na babbar, ga na ƙaninta. Ki duba, Gwaggo, ba abin da ya same su."

"Ni na ce ki kawo?"

"Ke kika ce. Kuma wallahi kin sauke mana kaya. Duk damina sai na fito da su na sha iska, gabana na faɗuwa kada asu ya taɓa." Ta dafa tebur ta miƙe, sai idonta ya kai kan ƙyallayen da aka yanka aka jera gefen keke. "In na wannan cikin ne, kada ki wahalar da idonki. Babansu ya sayo na kasuwa, irin wanda ko ya yage ba wanda zai tambaya."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi.

Sauran suka biyo baya. Wata ta kawo da kanta, wata ta ba mijinta ya ajiye a hanyarsa ta zuwa aiki, wadda ke nesa ta ba direban mota. Ba wadda ta zage ta, ba wadda ta roƙe ta. Na ƙarshe mijin Auta ne ya kawo, da sitacinsa da komai, ya ce yaron ba ya yarda ya shiga ɗakin da bargon yake.

Gwaggo ta kai su bakin taga ɗaya bayan ɗaya, yadda ta saba. Ta juya baya, ta ja baki, ta bi kowane layi da yatsa. Ba tabo, ba zaren da ya tashi, ba launin da ya mutu. Sai warin kafur, da sawun ninki da ya zauna daram kamar an tsaga da wuƙa. Tunda take duba ɗinki ba ta taɓa neman aibi da kwaɗayi irin na ranar ba, ba ta kuwa samu ba.

Bayan sati biyu ta daure ta je gidan Auta. Ta tarar Maigida ya dawo yana samun barcin dare, da wata tsohuwar singiletin ubansa yake kwana. Yana jin muryarta ya duƙunƙune singiletin ya tura cikin rigarsa, ya koma bayan uwarsa yana leƙe.

"Maigida, ba za ka zo ka gaida amaryarka ba?"

Ya girgiza kai. "Kaka ɗauke."

Ga lissafin abin da gori ya ci mata. Bargo goma ta bayar, goma suka dawo, suna kan kabad ɗinta har yau. Ƙyalle dubu ɗaya da ɗari takwas ke nan, aikin wata talatin, ban da kwana huɗun da ta yi tana ɓata na jikanta. Na goma sha ɗaya an yanka, ba a haɗa ba. An haifi yara uku a dangi bayan wannan, ba uwar da ta aiko mata da rigar miji. Jikanta guda ne, ya kuwa shekara bai hau cinyarta ba.