Randar Ƙofar Gidan Maiturare

"Ki ce mai ya tsaya nan waje," in ji Inna Maiturare. Muryarta ta kusa ƙarewa, amma Atine, maƙwabciyarta, ta ji ta sarai.

Atine ta ajiye mafici ta leƙa zaure. Faruk ne, babban ɗan Maiturare, ya sauko daga babur yana haki. Daga ramin zinare aka kira shi, bai tsaya komai ba. Ƙurar dutse ta yi masa fari fat, tun daga gashin ido har silifa.

"Innarka ta ce ka yi wanka tukuna."

"Inna Atine, an ce mani jikin ya yi tsanani. In na tsaya wanka..."

Atine ta koma ɗaki. A gefen gado Hafsa ce, 'yar Faruk, tana rarrafe, duk abin da ta tsinta sai baki.

"Maiturare, yau ɗaya dai. Yaron ga tun daga daji yat taho. Bari in fid da yarinyar."

"In kin fid da ita, ƙasar ɗakin fa? Gobe nan za ta rarrafa."

Atine ta fi kowa sanin wannan ƙura. A shekarun da zinare ya shigo ƙauyensu Dareta, kusan kowane gida ana daka dutse a tsakar gida, a turmin da ake surfen gero. Maiturare ta ƙi. Ta yi firamare a Gummi kafin aure, kuma malamar tsafta ta dasa mata magana guda: abin da ba a ci, ba ya shiga turmin abinci. Mata suka yi ta yi mata ba'a, suna kiranta 'yar boko. Mijinta yana da gona, ita kuma tana sai da daddawa, don haka ta iya tsayawa a kan bakanta. Atine ba ta iya ba. Nata mijin ba shi da ko kunya ɗaya ta shuka, dutsen ne tuwonsu. Da yara suka fara sanƙarewa suna mutuwa, likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce, aka kankare ƙasar gidaje. Atine ta binne 'yarta. Ɗanta Makau ya rayu, amma har yau magana tana yi masa nauyi. 'Ya'yan Maiturare kuwa duk sun tashi lafiya.

Tun lokacin Maiturare ta kafa randa a ƙofar gida, da sabulu da zana. Duk wanda ya dawo daga rami, nan zai wanke jiki ya sauya tufafi, ko da surukinta ne.

Atine ta ɗauki wankakkiyar riga ta fita. "Maza. Tana jiranka. Ka san halinta."

Daga ɗaki suna jin zubar ruwa a bayan zana. Numfashin Maiturare yana sarƙewa yana dawowa. Atine ta riƙe hannunta tana kalmar shahada a hankali, idonta a kan ƙofa.

Faruk ya shigo ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya durƙusa. Maiturare ta lalubo hannunsa, ta juya shi, ta duba faratan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta shafa bayan kunnensa.

"Nan kullum kake mantawa," ta ce. "Yau ka tuna."

Ya yi dariya, hawaye na zuba.

"Yanzu ɗauki ɗiyarka."

Ya ɗora Hafsa a cinya, ya matso da ita. Maiturare tana kallonsu har aka kira la'asar. Ba ta kai ƙarshen kiran ba.

Kafin a fito da ita, abokan aikin Faruk suka iso daga rami don jana'iza, jikinsu duk ƙura. Ba wanda ya ce musu komai. Suka jingine babura, suka yi layi a gaban randar, kowa na jiran na gabansa ya gama.

Atine ta leƙa ta ga ruwan ya yi ƙasa. Ta ɗauki guga ta nufi rijiya.