Bokiti Mai Murfi

"Sauko da shi sannu, kai! Ba buhun albasa ba ne," in ji Inna Kaltumi.

Issouf ya cije leɓe, ya tallabi mijinta Baba Manzo, ya sauke shi daga kabu-kabu a ƙofar gida. Da ƙafar hagu ta taɓa ƙasa, ƙugun ya yi ƙas, kamar sakatar da ta kwance. Gumi ya keto wa tsohon.

Shekara tara ke nan da aka sa masa ƙarfe a ƙugu a Yamai, bayan ya faɗa rijiyar da yake haƙa a Kalfu. Ƙarfen ya riƙe shi, har kasuwar Tawa yana zuwa da ƙafarsa. Sai bara ciki ya tasa shi gaba, yau zawo, gobe kumburi. Ya riƙa fasa kafson maganin tupaye biyu cikin fura kowace safiya. Issouf, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, shi ke sayo masa ƙwayoyin wurin mai tebur. Abin da ke cin ransa ke nan.

Ɗazu a asibiti lokotoro ya ɗaga hoton ƙugun a taga, ya nuna wani baƙin zare kewaye da ƙarfen. Ya ce ƙwayoyin cutar hanji kan bi jini su lafe jikin ƙarfe, har ƙashi ya sake shi. Tupaye kuwa ya kashe na kirkin, ya bar masu taurin kai. Ya ce a kai shi Yamai cikin makon nan.

"Baba, ka dai ji. Jibi mu tahi," in ji Issouf.

"Bari cikin shi tsaya tukun."

"Cikin da ƙugun ciwo guda ne! Ba ka ji mi ya ce ba?"

"Ina hanji, ina ƙugu? Karatu ya yi wa yaron yawa."

"Ni da na bar lakkol tun aji huɗu na gane."

"Shi ya sa ka ƙare a kan babur."

Kullum Issouf ya shigo, amsar ɗaya ce. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya daina sayo tupaye, tsohon ya aika aka sayo. Ran kwana na shida ya fito daga ɗakin yana huci, Inna Kaltumi ta tsai da shi bakin murhu.

"Kai ba ka da lura, Isuhu. Ba wuƙa yake tsoro ba. Yini guda cikin kar, motar haya, ga mata, ga ɗiyan mutane, shi da ke zagayawa sau goma kahin azahar. Direba zai tsaya mishi? Mutumen da bai taɓa barin sahun gaba ba?"

"Haba Inna! Kwana shida kina kallona!"

"Ya ce kar in hwaɗi."

Issouf ya tayar da babur. Ya sami abokinsa Ciɗo mai akori-kura, ya sa shi ya rantse zai tsaya duk inda aka buga masa ƙarfe. Ya shimfiɗa katifa a baya, ya kafa sanduna huɗu, ya kewaye su da zannuwan Inna. Ya sayo sabon bokiti shuɗi mai murfi, ya kai ɗaki ya dire gaban gadon.

Jikin tsohon ya yi zafi rau, ƙugun ya kumbura yana sheƙi. Ya daɗe yana kallon bokitin. Ya ɗaga murfin, ya mayar.

"Ja'iri. Wa ya hwaɗa maka?"

"Ba kowa."

"Kaltumi ce. To, gobe bayan asuba."

Gari na wayewa Ciɗo ya danna oda a ƙofar gida. Issouf na ɗaure bokitin a gefen katifa, Inna Kaltumi ta fito zaure ba takalmi.

"Kwance shi, Isuhu. Ya riga ku. Yana sallame salla, rai ya yi halinshi."

Issouf ya shuri tayar motar har yatsansa ya fashe. Ciɗo ya kashe inji.

Da hantsi zaure ya cika. Liman ya naɗe hannun riga, ya ce a kawo ruwan wanka cikin mazubi mai tsabta. Mata suka shiga dube-dube a tsakar gida. Issouf ya tashi yana ɗingishi, ya ɗauko bokitin, ya tara shi ƙarƙashin famfo. Takardar shago na nan manne a gefensa. Ya tsaya yana kallon ruwan yana hawowa sannu, murfin riƙe a hannunsa.