Guzurin Kanar Rabo

Tun da labari ya iso Daudawa cewa an tura Kanar Rabo makaranta, mahaifiyarsa Goggo Fatsuma ta daina zuwa gidan suna. Mutum da furfura, da mata da 'ya'ya, a ce ya koma aji? A ganinta wata jarrabawa ya faɗi, gwamnati ke rufa masa asiri.

Da ƙanwarsa Suwaibatu ta ba shi labari ya yi dariya, daga baya kuma abin ya tsaya masa a rai. Kwas ne na manyan hafsoshi da manyan ma'aikata, wanda sai an tankaɗe an rairaye ake tura mutum. To amma ta ina zai faɗa wa Goggo? Shi ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Sai dai ta kalli bango ta ce a gaya wa "wancan" tuwo na hucewa. Shi kuwa, duk girman nan nasa, babu abin da yake so kamar ta san bai ba ta kunya ba.

Dama ta samu da aka tura rukuninsu rangadi, su binciko abin da ya sa manoma ke watsar da auduga tun da kuɗin mai ya shigo. Rabo ya yi ruwa ya yi tsaki har aka sa Daudawa a hanya. Ai in ta ga 'yan ajin nasa, za ta gane da kanta.

Suka iso, motocin Fijo a jere, suka zube suna gaisuwa. Suwaibatu ta nuna wa Goggo babban sakatare da kwamishinan 'yan sanda, ta ce duk ajinsu ɗaya. Goggo ba ta ga muƙami ba. Sanƙo ta gani, da tumbi, da tabarau. Tausayi ya kama ta, ashe ba nata kaɗai abin ya samu ba. Ta sa aka kira malaminsu, Dokta Bilya, wanda ko aure bai yi kama da ya yi ba, ta roƙe shi ya riƙa haƙuri da su, ban da duka, tunda girma ya riga ya zo musu. Dokta ya ɗau alkawari, ko gezau bai yi ba, babban sakatare kuwa tari ya sarƙe shi har sai da ya fita zaure.

Rabo ya gyara zama zai yi bayani ke nan, aka dire masa kwanon ƙuli-ƙuli da ƙullin yaji, irin guzurin da ta yi masa ranar da ya fara tafiya makarantar kwana. Sai Goggo ta bar kallon bango, ta dube shi.

"Rabo," in ji ta, "in abin ya ƙi, ka taho gida. Gonar ubanka na nan, kuma ba mai yi maka gori a gidanga."

Daɗi ya kama shi har idonsa ya ciko. Tun daga Funtuwa yake tsara bayaninsa, ya haɗiye shi gaba ɗaya.

"To, Goggo. Zan dage."

Direba ya miƙo hannu zai karɓi kwanon, Kanar ya hana. A cinya ya riƙe shi har suka koma, kuma ko kwamishina bai ɗanɗana ba.