Askin Chebo

Yanzu da kaina ya koma kamar ƙwai, ba a yarda in na ce gashi ne ya shigar da ni gwagwarmaya. Amma a 1968, a garinmu na bakin kogin Rio Grande, a tsallaken iyakar Meziko, babu saurayin da ya kai ni suma, ni Eusebio Treviño da kowa ke kira Chebo.

Layin dogo ne ya raba garin: Turawa a arewa, mu 'yan asalin Meziko a kudu, ko da yake kakannina sun riga layin dogon zuwa. Shagon aski ɗaya ne a garin, na Mista Pruitt, can arewa. Bai taɓa cewa ba ya son mu ba. Abin da yake faɗa kullum shi ne, "Ban iya askin irin gashinku ba."

Doña Ofelia Cantú, dattijuwar da ke tara mu a bayan coci kowace Lahadi, ita ta ce tunda bai iya ba, sai a je a koya masa.

"Chebo zai je," in ji ta.

"Don me sai ni, Doña?"

"Kai ne mai abin askewa, ɗana. Jarumta kuma za mu ara maka."

Na tuna mata cewa a rumbun albasa na surukin Pruitt nake aiki, kuma da aikin nake ciyar da mahaifiyata. Ta ce ta sani. 

Ranar Asabar da hantsi na tsallaka layin dogo, ita da mata bakwai suna biye da ni. Suka jeru a bakin tagar shagon. Na shiga na hau kujera.

"Yaro, ban iya irin gashinku ba," in ji Pruitt.

Na shirya dogon jawabi tun Laraba. Abin da ya fito daga bakina kawai, "To, ka gwada."

Ya dubi matan, ya dubi Turawa biyu da ke jira, ya ɗauki almakashi. Don mugunta ya kwashe gefen hagu tas, ya bar dama, ya tsaga hanya a tsakiya. Da na kalli madubi sai na ga taswirar garinmu, har da layin dogo.

Ranar Litinin aka sallame ni daga rumbu. Mahaifiyata ta yi kuka, har yau ban san ko don aikin ba ne ko don kan.

Asabar ta gaba maza goma sha ɗaya suka yi layi a shagon, har da kawuna Nicanor mai jikoki. Kowa ya zauna sai ya ce, "Irin na Chebo." Pruitt ba shi da bakin cewa bai iya ba, ga shaida tana yawo a gari. Kafin wata ya ƙare ya gaji da ɓata sunan shagonsa, ya koma yi mana aski na mutunci.

Aikin albasa bai dawo ba. Wata takwas na yi ina tsinkar lemo a gonakin mutane kafin na samu wani.

Jikar Nicanor ce ke riƙe da shagon yanzu. Nakan je kowace Asabar in hau tsohuwar kujerar. Sai ta shafa sanƙona ta ce, "Kawu, ban iya irin gashinka ba."