Ƙasan Simintin Maigida

Da maigidanta ya faɗo daga tsani yana gyaran wutar wani shago, ƙashin ƙafar ya karye har cikin idon sawu. Tiyata aka yi masa, aka haɗa ƙashin da ƙarfe da kusoshi, aka naɗe da siminti. Likita bai ɓoye mata komai ba.

"Kada ya kuskura ya taka ta. In kusoshin nan suka goce, gaɓar ta lalace ke nan, ɗingishi har abada."

Ita tela ce, shago ba ya jiran kowa, sai ta ɗauko mahaifiyarta ta zauna da shi da rana. Hankalinta ya kwanta, har ranar da ta ɗaga ƙafar za ta sa matashi, ta ga ƙasan simintin ya yi baƙi ƙirin, har da 'yar tsakuwa a maƙale.

"Maigida, wannan fa?"

"Ƙura ce."

"Ƙura ce ta hau gado ta same ka?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta tambayi Inna, Inna ta ce ita dai ba ta ga komai ba. To, biri ya yi kama da mutum! Sandunan da yake dogarawa na jingine inda ta bar su da safe, amma yatsun ƙafar kullum a kumbure suke kamar an hura. Mutumin da ko ruwa sai an miƙa masa, ina yake zuwa har ba ya tsayawa ɗaukar sanda? Zuciyarta ta kawo mata majalisar abokansa, ta kawo aiki a ɓoye, ta kawo abin da ma ba ta son faɗa. Haushi ya hana ta ɗinki, sai farke abin da ta ɗinka take yi.

Wata rana da hantsi ta rufe shagon ba shiri ta nufo gida. Ƙofa a buɗe, gado wayam, tukunya na ƙauri a kan wuta. Ta kashe, ta fito da masifa a bakinta.

A bakin babban titi ta hango shi, yana jan ƙafar, zufa ta jiƙa masa riga. Hannunsa na riƙe da na Inna, wadda ke tafe ba takalmi, yana lallaɓa ta.

"Sannu Inna, gida ta nan ne."

Da ya ga matarsa sai ya sunkuyar da kai.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun makon da ta zo take fita, ta kasa gane hanyar gida. Na rasa ta bakin da zan gaya miki."

Ta dubi simintin. Ya tsage a dunduniya, wani ruwa ja-ja na tsattsafowa. Tsoro ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara tallaba.

Inna ta ƙare mata kallo, ta yi murmushi irin na karɓar baƙi, sannan ta matsa kusa da surukin nata.

"Ɗan nan, wace ce wannan?"