Cinyar Kaza a Ranar Zuba Dekin

Cinyar kaza ce a bakin Labaran sa'ad da aka ƙwanƙwasa gilashin motar. Kafin ya haɗiye, direban Alhaji Ahmad ya sauke gilashi, sai ga fuskar Nuhu, dattijo a cikin leburorin Labaran, ta yi fari fat da siminti, zufa ta yi mata hanya daga goshi har gemu.

Nuhu ya dubi robar abincin da ke kan cinyar Labaran. Ya dubi kwalbar lemo mai raɓa. Ya dubi maiƙon da ke leɓensa.

"Oga, dama cewa zan yi jiri ya ɗebi yaron nan Salim a kan gadar hawa bene, saura kaɗan ya faɗo. Na ce ko za a bari ya ɗan sa wani abu a ciki." Ya ja da baya. "Amma ka gama tukuna."

Ranar zuba dekin ce a ginin Alhaji Ahmad a Unguwar Rimi, Labaran kuwa shi ne ogan aikin. In an fara zuba kankare a saman bene ba a tsayawa. Wanda aka zuba da farko in ya daskare kafin na baya ya same shi, ba sa kama juna, ruwan damina ta nan zai bi ya sauka a falon mai gida. Salla ma bi da bi ake yi. Labaran ya san shinkafar rana kashe jiki take, shi ya sa da safe, bayan koko da ƙosai, ya tara mutanensa a gindin gadar katakon da ake hawa da kwano.

"Ni da ku, ba wanda zai kai loma baki sai mun rufe saman nan," ya ce musu. "Wanda ya gan ni ina tauna, ya zage ni, na yafe."

Da aka kawo abinci daga gidan Alhaji, shi da kansa ya sa aka jera kulolin a ƙarƙashin mangwaro, ya ɗora bulo a kan kowace. Can sai Alhaji ya zo daga ofis, ya kira shi cikin mota a kan zancen wani gini a Kawo, ya miƙo masa roba. Ba a mayar da hannun babba, haka Labaran ya gaya wa kansa. Gaskiyar magana ƙamshi ya ji, gilashin motar kuma baƙi ne.

Yana fitowa daga motar injin kwaɓa ya yi shiru. Lawal ne ya kashe shi, Lawal da suka fara ɗaukar kwano tare tun suna samari a Hayin Banki. Leburori suka sauko ɗaya bayan ɗaya, suka zauna a kan bulo. Ba wanda ya je wajen kulolin. Ba kuma wanda ya zage shi. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Alhaji ya leƙo ta taga. "Labaran, lafiya? Me ya tsayar da injin?"

"Mai ake ƙarawa, ranka ya daɗe."

Kowa ya ji. Wani daga baya ya ce, "Allah ya ƙara wa Oga mai," wasu suka yi dariya ƙasa ƙasa. Motar ta juya ta fita.

Labaran ya ƙarasa wajen injin yana goge hannu a gefen riga. "Lawal, tayar da shi. Kankare na mutuwa a sama."

"Ya mutu mana. Ai mu ma mun kusa."

"Haba Lawal, ni da kai?"

"Ni da kai ɗin ne ya ɓata abin," in ji Lawal, bai ko ɗaga murya ba. "Yunwa ba baƙuwarmu ba ce, ka sani. Da ka ce mu ba za mu ci ba, kai za ka ci don kai ne oga, wallahi ba mai ɗaga kai. Amma ka ce ni da ku. Mutanen nan wani ɗan kwangila na nemansu a Malali tun wancan makon, suka ce su ba sa barin Labaran, shi yana tare da na ƙasa. Ni na tsaya maka a wannan maganar. Yanzu da wane ido zan dube su?"

"To a buɗe abincin. Kowa ya ci."

"Yanzu kuma? Kai ka ce in an ci jiki zai mutu, dekin ya tsage. Ko ita ma ƙarya ce irin ta man injin?"

Kunnuwan Labaran zafi suke kamar an mare shi. Ya ɗaga kai sama, inda gefen kankaren ya fara yin haske a rana, alamar yana shan iska. Ya cire hula, ya tuɓe rigar shaddar da ya saka don ganin Alhaji, ya rataye a jikin rodi.

"Salim, je ka buɗe kula ka ci. Ba ni kwanonka."

Ya kwashi ragowar kwaɓin da ke bakin injin, ya ɗora a ka, ya hau gada. Rabonsa da kwano an jima, ga shekaru, ga ciki cike. Katakon na lanƙwasa, gwiwarsa na ƙara, kazar na taso masa har wuya. Ya juye, ya sauko, ya sake hawa. Suna zaune suna kallonsa, ba sannu, ba tsiya. Da kwaɓin ya ƙare sai ya zo ya tsaya a gaban injin da kwano a hannu, kansa a ƙasa, inda leburori ke tsayawa su jira a cika musu.

Lawal ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tofar da yawu gefe, ya kama hannun injin ya murɗa.

Nuhu ne ya fara tashi. "Ku tashi, jama'a. Kada gobe a ce dekin da muka zuba yana yoyo. Mu za a zaga, ba kaza ba."

Aka koma layi. Labaran yana cikinsu, na gabansa bai waiwaye shi ba, na bayansa bai ce masa komai ba sai, "Matsa, Oga, kana jan layi." Bai ba da umarni ko ɗaya ba, aikin kuma bai tsaya ba. Wannan ma ya lura da shi, ya haɗiye. Gefen kankaren bai kai ga daskarewa ba aka cim masa. Bayan la'asar aka shafe kusurwar ƙarshe.

Aka juye shinkafa da wake a manyan farantai ƙarƙashin mangwaro, mutane suka kewaye. Labaran ya zame can wajen tankin ruwa yana wanke shebur da an riga an wanke.

"Oga!" Nuhu ya kira. "Kai ake jira."

"Ku ci, Baba Nuhu. Ni na ƙo..."

"Mun sani ka ƙoshi. Amma tun da muke zuba dekin, ka taɓa ganin an sa hannu oga bai yi bismilla ya ɗebi ta farko ba? Tun safe muke jira, kada ka ƙara mana."

Ya zo yana jan ƙafa. Lawal ya matsa masa wuri bai dube shi ba.

"Zauna ka ɗiba, dare na yi. Gobe da sassafe akwai ba dekin ruwa, ni da Salim za mu zo."

Labaran ya durƙusa. Ya yi bismilla da muryar da shi ma da ƙyar ya ji, ya dunƙula loma. Shinkafar ta yi sanyi, man ya daskare a kanta. Ya kai baki, idanu duka a kansa, yana tauna tana ƙin wucewa.

Suka jira har ya haɗiye, sannan suka sa hannu.